Jinjina ga ƴan lissafin Matamaye, amma da sauran rina a kaba

Duk shekara, bayan sakamakon brebe ya fito an gama guɗa da rabon goro, akwai shawarar da ake yankewa a gidajen Matamaye da Kance da ƙauyukan da ke kewaye da su, ba tare da an kira taro ba. Yaro ya ci jarrabawa, zai shiga lise, to wane aji? Sagwan A, inda adabi da harsuna da tarihi suka fi nauyi, ko sagwan C, inda lissafi da fizik ke jiran sa? Hukumar da ke rarraba ɗalibai tana duba maki, gaskiya ne, amma abin da yaro ya nema da abin da aka faɗa masa a gida su ma suna da ta cewa. Da yawa A suke nufa. Waɗanda suka shiga sagwan C kuwa, da an zo aji na gaba hanya ta sake rabuwa, akasarinsu sai su karkata zuwa D, inda ilimin halittu ke ɗan rage musu zafin lissafi. Masu tsayawa a kan C har tarminal ba su da yawa ko a Yamai, balle a nan.

Su nake jinjina wa. Ina haɗawa da ƴan D ɗin da ba su mai da lissafi abokin gaba ba, da malaman da ke tsaye a kansu, da iyayen da suka bar su suka yi.

Wanda bai leƙa ajin ba ba zai san abin da suke ɗauke da shi ba. Ɗan tarminal C yana fama da lambobin da ake kira kwamfileks, da antegiral, da lissafin yiwuwar aukuwar abu, da jometirin da ba ya zanuwa a allo sai dai a riƙe shi a ka. Littafin CIAM, wanda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka haɗu suka tsara, ba kowa ke da nasa ba. Guda ɗaya kan zaga hannu biyar, bangonsa ya sha ɗinki. Darasi ɗaya yakan cinye dare guda bai warware ba. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 kuma, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da ke zuwa yankin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina saboda takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar, wanda ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024, yara da yawa da fitilar hannu da hasken salula suka yi bita. Ga aikin gida bai ragu ba. Lokacin da aka koma lakwal a watan Oktoba ba a gama kai amfanin gona gida ba, yaro na dawowa daga aji ya tarar da gyaɗa na jiran tsigewa. Yarinya kuwa sai ta gama da rijiya da murhu kafin ta buɗe littafi. Duk da haka suna zaune a aji, suna ɗaga hannu. Allah Ya yi muku albarka, ƙannena.

Jinjinar malamai ta fi ta kowa wuyar biya. Malamin lissafi na lise a garin da ba babban birni ba sau da yawa shi kaɗai ne, ko su biyu, a kan azuzuwa rututu. Da yawansu ƴan kwantiragi ne, albashin bai taka kara ya karya ba. Mai digirin lissafi ko fizik yana da inda zai je ya fi samun kuɗi, kuma ya sani. Wanda ya zauna duk da haka, yana kiran yara ranar Asabar su yi bita ba tare da ya karɓi ko dala ba, ya cancanci a miƙe tsaye idan ya shigo taro, kamar yadda ake yi wa liman da mai gari. Mushe, mun gani, mun gode.

Me ya sa wannan wahala ta cancanci a sha ta? Domin ƙofofin da suka fi ƙunci a karatun gaba da bak, mafi yawansu da lissafi ake buɗe su. Makarantar EMIG da ke Yamai, mai horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, da kwankur, wato jarrabawar gasa, take ɗaukar ɗalibai, kuma bak ɗin kimiyya ko na fasaha take nema. EAMAC, makarantar hukumar ASECNA da ke Yamai ɗin, inda ake koyon hasashen yanayi da kula da zirga-zirgar jiragen sama, haka. Makarantun ƙididdiga uku da suka yi suna a Afirka, ENSEA a Abijan, ENSAE a Dakar, ISSEA a Yawunde, jarrabawar shigarsu ta haɗin gwiwa ce, ɗan Nijar na gogayya da ɗan Senegal da ɗan Kamaru a kan takarda ɗaya, kuma lissafi ne ƙashin bayanta. Ga 2iE a Wagadugu ga mai son aikin ruwa da makamashi. Ga karatun likita a Yamai da Maraɗi da Damagaram, inda masu nema suka ninka guraben da ake da su. Hatta bursun da ƙasashe irin Maroko da Aljeriya ke bayarwa, wanda ke biyowa ta hukumar ANAB, sai an duba jerin da ɗalibi ya yi da makin da ya samu. Mai bak C yana iya ƙwanƙwasa kusan duk waɗannan ƙofofi, kuma in ya ga dama ya juya ya karanta shari'a ko tattalin arziki. Mai bak A ba ya iya juyowa ta wannan gefen. Ba don ya fi wani ƙarancin basira ba. Hanyar ce aka shimfiɗa haka, mai tafiya ɗaya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yaron da ke yanke wannan shawara ɗan shekara 15 ne ko 16, kuma ba safai ake gaya masa cewa abin da ya zaɓa yau shi zai hukunta takardar da zai iya cikewa bayan shekara uku ba. Abin da yake ji daga yayyensa kawai shi ne "C kashe kai ce", "je ka A ka samu bak ɗinka ka huta". Tsoron ba na banza ba ne. Daga 2021 zuwa 2023, waɗanda suka ci bak a Nijar ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rubutawa ba a kowace shekara. Uban da ya sayar da tunkiya ya biya kuɗin rajista yana da hujja idan ya nemi hanyar da yake ganin ta fi tabbas. Sai dai cunkoson da ake yi a A bai sa ta zama mai sauƙin ci ba, kuma bayan an ci, cunkoson na nan yana jira a jami'a da wajen neman aiki.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Amurka, manyan jami'o'in kimiyya suna so su ga cewa mai nema ya yi lissafi mai zurfi tun a sakandare, alhali makarantu da yawa na unguwannin talakawa ba sa koyar da shi sam. Har ta kai a 2023 jami'ar Caltech ta sassauta: wanda makarantarsa ba ta da darasin, ya koya ta intanet, ya yi jarrabawa ya nuna ya iya. Faransa kuma, wadda daga wurinta muka gaji wannan tsari, ta rushe jerin bak nata na da a gyaran da ya fara aiki a 2019, ta cire lissafi daga darussan dole na azuzuwa biyun ƙarshe. Ba a jima ba aka ga masu ɗaukar sa sun ragu, musamman ƴan mata, dole a 2023 aka mai da shi wajibi a aji na biyu na lise. Ko'ina dai maganar ɗaya ce: idan aka bar lissafi ga wanda ya ga dama, ɗan mai hali da ɗan birni ne ke ganin dama, don su ne aka gaya wa amfaninsa a gida.

Kada kuma wani ya ce wannan ilimi baƙo ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, inda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi na ambaton sa. Malamin zauren da ke raba gado a Kance, yana fitar da tumunin mata da sudusin uwa da sulusi biyu na ƴaƴa mata, yana daidaita asalin mas'ala idan rabo ya haura dukiya, aikin ɓangarorin lamba yake yi wanda ke kayar da ɗan kwaleji. Mai awo a kasuwar Matamaye tana juya dala zuwa jika, jika zuwa naira, da farashin canji na ranar, kafin ɗan lakwal ya lalubo alƙalaminsa. A zamanin nan kuma, Tasawa ce ta haifi Abdou Moumouni Dioffo a 1929. Ya bi ta makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Paris, ya zama ɗan Afirka ta Yamma na farko da ya ci jarrabawar agiregasiyon a kimiyyar fizik a 1956, ya shugabanci hukumar binciken hasken rana ta ONERSOL, ya riƙe jami'ar Yamai da yau take ɗauke da sunansa. Daga Tasawa zuwa Matamaye ba wata tafiya ba ce. Damagaram ma ta ba ƙasa tsohon shugaba Mahamane Ousmane, wanda ƙididdiga da tattalin arziki ya karanta kafin siyasa ta ɗauke shi.

To, yabo ya isa haka. Yanzu sai abin da ya rage a kanmu, kuma ya fi wanda aka yi yawa.

Ajin C ba a sagwan ake cika shi ba. Lissafi kamar rake yake, gaɓa a kan gaɓa. In ta ƙasa ta ruɓe, ta sama ba ta da abin tsayawa a kai. Yaron da ya bar firamare bai riƙe jadawalin ninkawa ba, ya shiga aji na farko na kwaleji cikin ɗalibai tamanin ko fiye, a rumfar zana, malamin lissafi bai iso ba sai bayan wata biyu, wannan yaro an riga an zaɓa masa A tun bai san akwai C ba. Kuma sau da yawa ba lissafin ne ya kayar da shi ba, Faransancin da aka naɗe tambayar a ciki ne. Ka karanta masa ita da Hausa ka ga yadda zai ba ka amsa. Abdou Moumouni ya yi wannan magana tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, inda ya nace a koyar da yara da harsunansu. Yanzu da kundin mulkin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba sauran dalilin da malami zai ji kunyar tsayawa ya warware wa yara ma'anar darasi da harshen da suke mafarki da shi, sannan ya koma ya ba su kalmomin da za su tarar a takardar jarrabawa. Masu duba makarantu su daina ɗaukar wannan a matsayin laifi.

Sai maganar ajin kansa. A lise-lisen da ke wajen manyan birane, idan masu son C ba su kai a buɗe musu aji ba, ko ba malamin da zai riƙe tarminal, abu biyu ke faruwa. Ko a lallashe su su shiga D, ko su tattara su tafi Damagaram, kusan kilomita 90, su nemi gurbi a lise Amadou Kouran Daga ko wata makarantar, su zauna gidan dangi ko gidan wani da aka roƙa. Namiji yakan jure. Mace kuwa, iyaye nawa ne za su sake ta ta tafi birni ta zauna a gidan da ba su sani ba? A nan ne muke asarar ƴan mata masu kai, ba a wurin jarrabawa ba. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: ko ɗalibai bakwai ne, a buɗe musu ajin a gida, a ba su malami. Mai lissafin kasafi zai ce asara ce a tsayar da malami a kan yara bakwai. Ni kuwa na ce ƙasar da ke da matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram tun 2011, da bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, da yuraniyom a Arlit, kuma take cewa tana son ƴaƴanta su riƙe waɗannan da hannunsu, ba ta da ikon cewa yara bakwai sun yi mata tsada. Ajin da aka rufe bana, baɗi ba wanda zai nema, don ƙanne ba su ga kowa a ciki ba.

Maƙwabtanmu sun taɓa shiga wannan hali, kuma abin da suka yi yana da kyau a duba. A shekarun 1970 jihar Kano ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi ƴan ƙasa, yaranta kuma ba sa samun shiga sassan kimiyya na jami'o'i. A 1977 ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu, a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, na kwana, ana zaɓo yara da jarrabawa daga ko'ina a jihar, aka zuba musu malamai da ɗakunan gwaji. Bayan ƴan shekaru aka buɗe ta mata a Taura. Ka shiga asibitocin Kano yau ka tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare, za ka sha jin sunayen nan. Mu ma muna da Lise na Zaƙaƙurai a Yamai, wanda ake shiga da kwankur bayan brebe, amma guda nawa zai ɗauka, kuma ɗan ƙauyen Kance nawa ne ya taɓa jin labarinsa kafin ranar rufe rajista ta wuce? Gidan kwana mai tsaro a nan Matamaye, ko da ƙarami ne, musamman na ƴan mata, irin wanda aka gina a Kelle cikin yankin Gure, zai riƙe mana yaran da muke zubarwa tsakanin ƙauye da gari.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran gwamnati, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, don ba kuɗi yake nema ba. Labari ne. Ɗan Yamai da babansa ke aiki a ma'aikata ya san wace kwankur ake yi, yaushe, da waɗanne takardu. Yana da tambayoyin shekarun baya. Ɗan Matamaye, fiye da kilomita 800 daga can, yakan ci bak da mansiyon sannan ya fara tambaya ina zai nufa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Kwankur ɗin makarantun ƙididdiga, alal misali, tun farkon shekara ake ajiye takardu ta hannun hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, a rubuta ta kafin ma a zauna bak. Wasu makarantun suna da iyakar shekaru, wanda ya maimaita aji sau biyu sai ya tarar ƙofa ta rufe. Ga takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, da ake ta fafutukar nema a makon ƙarshe, ko a tarar sunan da ke kan wannan ya saɓa da na kan waccan. Wa zai gaya wa yaro duk wannan? Ƴan asalin Matamaye da Kance da ke Yamai da Damagaram da ƙasashen waje, injiniyoyi da likitoci da malaman jami'a. Suna da zaurukan WhatsApp da ba sa barci idan maganar siyasa ce ko ta'aziyya. Kowannensu wani ne ya taɓa nuna masa hanya. Bai fi ƙarfinsu ba su tattara tambayoyin baya su buga su aiko, su tura jadawalin kwankur ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye, su haɗa kuɗin mota da masauki ga yaro biyu ko uku da za su je rubutawa, wanda ya zo hutun salla kuma ya ba da awa biyu ya shiga aji na ƙarshe na kwaleji, ba tarminal kaɗai ba, ya faɗi aikin da yake yi da hanyar da ya bi.

Iyaye kuma, kalma biyu. Kada wannan yabo ya sa a mai da C abin alfahari a tura yaro ciki da ƙarfi don ɗan maƙwabci na can. Bak D da maki mai kyau ya fi C da aka ci da ƙyar a zagaye na biyu, kuma ya isa ya kai mutum likitanci ko aikin gona na zamani. Mai baiwar harshe da rubutu ma ƙasa na bukatar sa, kada a raina shi. A tambayi malamin da ya koyar da yaron, a duba makinsa na shekara biyu ko uku, a saurari yaron kansa. Amma idan malami ya zo har zaure ya ce, "Alhaji, yarinyar nan tana da kan lissafi," to kada amsar ta zama an riga an karɓi kayan gaisuwa. A rage mata tallan yamma, a saya mata fitila mai caji da rana, a bar ta ta kai ƙarshen shekaru ukun nan.

Ku kuma da na fara da ku, ban sallame ku ba. Wanda ya gane darasi ya koya wa na kusa da shi, don ajin da mutum ɗaya kaɗai ya ci ba ya daɗewa a buɗe. Kada ku yi watsi da Faransanci da falsafa da Ingilishi kuna cewa ku ƴan lissafi ne. A kwankur da yawa akwai takardar rubutu, kuma ta sha kayar da gwanaye. In Allah Ya ba ku gurbi a Yamai ko Abijan ko Rabat, ku bar littattafanku ga na bayanku, wasu kuma a cikinku su yarda su dawo su riƙe alli, ko na ƴan shekaru ne.

Ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da ƴan asalin gari da ke nesa, roƙona ɗaya ne: kafin watan Janairu ya kama, a liƙa jerin kwankur na bana da ranakunsu da takardun da ake nema a ƙofar kowane ajin tarminal na Matamaye, kuma a karanta shi da Hausa a taron iyaye.